'Yata ta kafe sai ta zama irin Kadaria Ahmed, in bar ta ko in hana?

Alhaji Sabo Jahun: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara na zo nema, don Allah masu sani su tanka. 'Yata ta fari ta gama sakandare bana, sakamako ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ni burina ta karanci aikin jinya ko malanta, ita kuma ta kafe kai da fata sai aikin jarida. Wai so take ta zama irin wata Kadaria Ahmed. Jiya da dare ta kawo mini wayarta, ta nuna mini matar zaune da Buhari da Osinbajo tana jero musu tambayoyi ko gezau. Abin ya burge ni, kuma ya tayar mini da hankali. Ni atamfa nake sayarwa a kasuwar Wunti, ban san kan wannan sana'a ba. Wace ce matar nan, ta ina ta bi har ta kai can? Kuma aikin yana riƙe mai shi? Uwarta ta ce in hana. Ni kuma ba na son in karya wa yarinya zuciya a kan abin da ban sani ba.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Alhaji, bi maganar uwarta. Yarinya hasken situdiyo ta gani, ba ta ga yunwar da ke bayan kyamara ba. Ka je duk wani taron manya a garin nan, ka dakata bayan an shafa fatiha. Za ka ga 'yan jarida sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna jiran a miƙo ambulan, wai kuɗin mota. Wasu magidanta ne har da furfura. Abin da kake so wa 'yarka ke nan? Ma'aikaciyar jinya ko ƙauyen Ningi aka tura ta, ƙarshen wata ga albashinta ga mutuncinta.

Ummu Khalil: Haba Injiniya, kar ka yi mana kuɗin goro. Shekarata shida ina gabatar da shiri a talabijin, ban taɓa tsayawa a ƙofar kowa ba. Akwai masu yi, ban musa ba, amma wace sana'a ce ba ta da ɓata-gari?

Injiniya Kabiru: Ranki ya daɗe, ban ce ke ba. Amma faɗa wa Alhaji tsakaninki da Allah, albashin wata nawa kuke bi bashi?

Ummu Khalil: Zan faɗa, ba abin ɓoyo ba ne. Amma bari Baba Ɗanjuma ya fara, shi ya ga jiya ya ga yau.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Ran: Alhaji Sabo, tambayarka ta "ta ina ta bi" ita ce tambayar. Yaranmu ƙarshen hanya suke hangowa, su ɗauka nan ne mafari.

An haifi Kadaria Ahmed a Kano a 1967, asalin gidansu Zamfara. Ta yi karatu a Jami'ar Bayero, daga baya ta tafi Landan ta yi digiri na biyu kan aikin talabijin a kwalejin Goldsmiths. Ta yi shekaru a BBC, sashen Turanci mai kula da Afirka, tana cikin masu haɗa shirye-shiryen Focus on Africa da Network Africa. Aikin furodusa aikin bayan fage ne. Kai za ka nemo labari, ka nemo wanda za a tambaya, ka tace, ka yanke, wani ya zo ya karanta, jama'a su san sunansa ba su san naka ba. Da ta dawo gida sai ta shiga jaridar NEXT a Legas ta zama edita. Dele Olojede ne ya kafa jaridar, mutumin da ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 2005 saboda rahotanninsa a kan Ruwanda. Edita shi ne wanda in aka yi ƙarya a shafi, wuyansa ake kamawa. Bayan duk wannan ne ta fito gaban kyamara da shirye-shiryenta a tashar Channels, wato Straight Talk, sannan The Core. A 2020 ta buɗe gidan rediyonta, RadioNow, a Legas.

Bidiyon da 'yarka ta nuna maka na watan Janairun 2019 ne, shirin The Candidates da kamfaninta ya yi tare da NTA ana dab da zaɓe. Buhari da Osinbajo sun zauna, Atiku da Peter Obi ma sun zauna a nasu daren. Ka lissafa, ranar da ta hau wannan kujera ta haura shekara 50 a duniya. Abin da yarinya ta ga kamar ƙarfin hali ne kawai, ni na ga aikin tebur ne, wato zaman ɗakin labarai na shekara da shekaru. Wanda ya karanta takardun ya san inda amsa ta kauce, shi ya sa yake iya cewa "ranka ya daɗe, ba wannan na tambaya ba" ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Malam Haruna Misau: Ni tun kafin nan na san ta. Watan Maris na 2011, muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa da tashar NN24 ta shirya, ita ta jagoranta. A gidan wani maƙwabcinmu mai dish muka kalla, aka haɗa kuɗin man janareta. Buhari na CPC, Ribadu na ACN, Shekarau na ANPP, Jonathan kuma bai zo ba. Washegari a majalisa hirar Shekarau ake ta yi saboda iya magana. To amma Baba, ni akwai abin da bai kwanta mini ba. Tana katse manya. Mutum ya haife ka, yana cikin magana ka ce masa lokaci ya ƙare, ko ka maimaita masa tambaya sau uku kamar mai tuhuma. Ba tarbiyyarmu ba ce. In 'yar Alhaji ta ɗauko wannan hali, wane gida za ta zauna?

Hajiya Asabe Azare: Malam Haruna, ka yi haƙuri, a nan ba na tare da kai. Wanda ya fito neman ƙuri'ata ba ziyarar suruki na kai masa ba. Aiki yake nema a wurinmu, kuma duk mai neman aiki ana tambayarsa. In ya kauce aka ƙyale shi don kunya, mu aka cuta, mu da ba za mu taɓa samun zama da shi ba.

Kuma da kake maganar tarbiyya, ka manta da marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf? 'Yar Kano ce, ta yi editan Sunday Triumph, ta yi editan New Nigerian a Kaduna, ta yi mujallar Citizen, ta daɗe tana rubutu a Daily Trust. Tana cikin matan da suka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya. Da lulluɓinta ta yi duk wannan, kuma alƙalaminta bai taɓa jin tsoron gwamna ba. Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina ranar 24 ga Satumba 2015, tana aikin Hajji. Ni malamar makaranta ce, shekara 27 ina koyar da 'yan mata, kuma in ina so in nuna musu cewa kamun kai da faɗar gaskiya ba kishiyoyi ba ne, sunanta nake kamawa. Allah ya jiƙanta.

Malam Haruna Misau: Amin. Hajiya Bilkisu ban da ta cewa a kanta. Amma ita rubutu take yi, ba ta zauna tana wa dattijo tsawa duniya na kallo ba. Alƙalami daban, kyamara daban.

Hajiya Asabe Azare: Tsawa daban, nacewa daban, Malam.

Ɗan Gwallameji: Iyayena ku ba ni dama in sa baki. Mu 'yan Bauchi bai kamata tambayar manya ta zama baƙon abu a wurinmu ba. A garin nan Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zama a zauren tattaunawa a shekarun 1940, ana tambayar Turawa da 'yan En'e ido da ido. Har batun albashin sarakuna aka taɓo, kuma ba a daɗe ba aka rufe zauren. Da sun ce kunya, da ba mu san sunayensu ba yau.

Injiniya Kabiru: Duk wannan tarihi ne mai daɗi. Ku faɗa wa Alhaji yadda NEXT ɗin ta ƙare mana.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Ran: Ta mutu, Injiniya, ba a ɓoye ba. A 2011 ta daina fita. Jarida ce da ta hana ma'aikatanta karɓar ambulan, ta riƙa tono manya, talla ta ƙafe, kuɗi suka ƙare. Jarida ba da kuɗin mai saye take rayuwa ba, da talla take rayuwa, kuma manyan masu ba da talla a ƙasar nan gwamnati ce da bankuna da kamfanonin da ba sa son ɓata wa gwamnati. Sai dai wasu daga cikin mutanenta ne suka kafa Premium Times a shekarar. Itacen ya faɗi amma ya bar iri.

Malam Haruna Misau: NEXT ɗin nan ce fa ta buga a Janairun 2010 cewa ciwon marigayi 'Yar'aduwa ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Bawan Allah yana kwance a Jidda. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kwana biyu tsakani muka ji muryarsa a BBC yana magana da Mansur Liman.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Ran: Ni ma na ji wannan murya, Malam, kuma na yi hawaye, don duk wanda ya ji ta ya san mai ita yana jin jiki. Amma ka tuna halin da ake ciki. Tun 23 ga Nuwamba 2009 shugaban ƙasa ya fita, ba a miƙa mulki ba, ba wanda ke gaya wa mutane gaskiya, sai "yana samun sauƙi". Sai a watan Fabrairu majalisa ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi. 'Yar'aduwa ya dawo cikin dare ba wanda ya gan shi, ranar 5 ga Mayu 2010 Allah ya yi masa rasuwa. Ciwon talaka sirrinsa ne. Ciwon mai riƙe da ƙasa kuwa, da haƙƙin jama'a a ciki. Za a iya saɓani a kan kalmomin da jaridar ta zaɓa, ni kaina da na tausasa. Amma laifin farko na waɗanda suka rufe ƙofa ne.

Bari in ba Alhaji labarin kaina, don ya san nauyin da 'yarsa take son ɗauka. Ina wakilin wata jarida a nan Bauchi, lokacin ba wayar hannu, da biro muke rubutawa mu je mu bi layi a tura ta faks kafin ƙarfe biyar. Wata Laraba mota ta kife a hanyar Jos. Na garzaya asibiti, na tarar da wani ma'aikaci a baranda, ya karanto mini sunayen mamata daga wata 'yar takarda, na kwafe a tsaye ina duban agogo. Ban shiga ɗakin marasa lafiya ba, ban nemi mutum na biyu ba. Washegari jarida ta fito da sunaye bakwai. Ashe na shida yana da rai, karaya ce kawai a cinya. Ɗan'uwansa a Kaduna ya gani a jarida, ya kamo hanya cikin dare, ya iso ƙauyensu da kuka kafin kowa ya kai musu labarin gaskiya. Mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi. An shimfiɗa tabarmi, an fara karɓar gaisuwa.

Editana bai zage ni ba. Cewa ya yi in je da ƙafata. Na hau motar kasuwa na je, na durƙusa a zaure gaban mahaifin. Tsohon nan bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce, "Yaro, da ka shiga ciki ai da ka gan shi." Mun buga gyara a shafi na biyu, layi huɗu. Layi huɗu ba su ɗaga tsohuwar nan daga jinyar da ta yi ba. Daga baya na koma talabijin na yi shekara 11 ina gabatar da shirin tattaunawa, kuma ban taɓa furta suna ko adadi a gaban kyamara ba sai maganar tsohon nan ta faɗo mini.

Hajiya Asabe Azare: Allahu akbar. Allah ya yafe mana, Baba.

Alhaji Sabo Jahun: Jikina ya yi sanyi, Baba. Ni a kasuwa in na yi kuskuren yadi, sai in ƙara wa mutum ko in mayar masa da kuɗinsa.

Ummu Khalil: To Injiniya, ga amsarka. Wata uku muke bi a yanzu, kuma an taɓa kai biyar. Kayan da nake sawa a shiri da kuɗina nake ɗinkawa, don masu kallo ba sa yafe wa mace ta maimaita kaya, namiji kuwa ko babbar riga ɗaya ya shekara da ita ba mai magana. Ina sayar da turaren wuta da humra a gefe. Ban ji kunyar faɗa ba.

Amma abin da ya fi albashi ci mini rai shi ne shirin da aka saya. Alhaji, yawancin hirarrakin da kake gani da 'yan siyasa a tashoshinmu, baƙon ne ya biya kuɗin lokacin. Zai zo da tambayoyinsa a rubuce, yaronsa ya miƙa maka. Akwai ranar da wani mai muƙami ya ce sun gyara dukkan asibitocin wata ƙaramar hukuma. Ni kuwa sati biyu kafin nan na kai ƙanwata haihuwa ɗaya daga cikinsu, da fitilar waya aka karɓi haihuwar, ni na riƙe wayar. Na buɗe baki zan tambaya, sai muryar furodusa a 'yar na'urar da ke kunnena: "Wuce, wuce, je ki tambaya ta gaba." Na wuce. Na yi murmushi na wuce, jan fitilar kyamara na kallona. Da na koma gida ban iya cin abinci ba.

Shi ya sa nake ganin girman abin da Kadaria ta yi na kafa kamfaninta. Mai shirin kansa shi ke da tambayarsa. Kuma Baba ya yi gaskiya a kan maganar aikin tebur. Ni kai tsaye aka sa ni gaban kyamara saboda murya da Hausa mai kyau, ban taɓa zama a ɗakin labarai ba. Sai da na shekara biyu kafin na gane cewa ban iya karanta kasafin kuɗi ba, don haka duk adadin da baƙo ya jefo sai in gyaɗa kai. Yanzu nake koyon abin da ya kamata in fara da shi.

Injiniya Kabiru: Na gode da gaskiyarki, kuma ki yafe mini in na yi kaushi. Amma kin ga ai maganata kika tabbatar.

Ummu Khalil: Rabinta na tabbatar. Akwai wata rijiyar burtsatse a wata unguwa da ta shekara a lalace, muka nuna matan wurin da jarkokinsu a shirin safe, cikin sati aka gyara. Wata tsohuwa ta aiko mini da ƙwaryar gyaɗa har ofis. Wannan ma yana cikin aikin.

Ɗan Gwallameji: Ni inda nake da ja da Kadaria shi ne 2022. BBC ta fitar da wani bidiyon bincike a kan 'yan bindigar Zamfara, aka shiga daji aka yi hira da su. Ita kuma ta yi rubutu ta soki tsohuwar ma'aikatarta, cewa an ba 'yan ta'adda dandali. Ba a jima ba hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan nasu rahoton na 'yan bindiga. Ni a ganina ɗan jarida bai kamata ya ba gwamnati sandar dukan 'yan'uwansa ba. In ba a ji daga bakin mutanen nan ba, ta yaya za a san abin da ya haddasa fitinar?

Hajiya Asabe Azare: Ɗana, ka tuna 'yar Zamfara ce. Ita ce ta fito kan titin Abuja a watan Afrilun 2019 tare da masu zanga-zanga kan kashe-kashen jiharta, lokacin da manya da yawa suka yi gum. Wanda ake binne danginsa ba zai kalli fuskar makashi a allo yana fahariya ya ji kamar yadda kai kake ji ba.

Ɗan Gwallameji: To ai nan ma akwai magana, Hajiya. In ka riƙe kwali a titi yau, gobe ka zauna a kujerar alƙalin muhawara, wa zai yarda ba ka da ɓangare?

Baba Ɗanjuma Ƙofar Ran: Wannan gardamar ta girme ku duka, kuma ba za ta ƙare a zauren nan ba. Ni ra'ayina, a je dajin, a ji ta bakinsu, amma kar a bar mai bindiga ya yi wa'azi. Duk abin da ya faɗa a ajiye shi kusa da gawar da ya bari da matar da ya mayar bazawara. Tarar kuwa ban goyi bayanta ba ko kaɗan. A kan zanga-zanga, ni ban taɓa fita ba a zamanina, amma ban iya zargin wanda jininsa ke zuba. Abin da nake so Alhaji ya gani shi ne, 'yarsa za ta shiga aikin da ko manyansa ba su gama daidaitawa a kan iyakarsa ba, kuma kowane ɓangare ka tsaya sai an jefe ka.

Malam Haruna Misau: Ba jifa da baki kaɗai ba. Dele Giwa, bam aka aika masa a cikin ƙunshin saƙo a Oktoban 1986. Zakariyya Isa na NTA Maiduguri, harbe shi aka yi a 2011. Enenche Akogwu na Channels, a Kano aka kashe shi ranar harin 20 ga Janairu 2012 yana bakin aiki. Uwar yarinyar nan ba ta yi laifi ba da ta ji tsoro. Ga kuma zagin intanet, wanda mace ta fi sha. Ku duba abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton duk wata 'yar Arewa mai gabatar da shiri.

Ummu Khalil: Wannan gaskiya ne, Malam. Ni maigidana ne ya ce in daina karanta sharhin mutane bayan isha'i, kuma na ji maganarsa. In babu goyon bayan gida, mace ba ta daɗewa a aikin nan.

Hajiya Asabe Azare: Alhaji, ga wata hanya da za ta iya kwantar wa uwarta da hankali. Ba dole sai ta karanci aikin jarida za ta yi shi ba. Malam Adamu Adamu namu na Azare akanta ya karanta a Zariya, amma alƙalami ya fito da shi, daga New Nigerian zuwa shafinsa na Daily Trust, kafin ya zama ministan ilimi a 2015. Hajiya Bilkisu kimiyyar siyasa ta fara karantawa. Ko Abubakar Imam da ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, malamin makaranta ne. In yarinya ta karanci lafiya ko shari'a ko tattalin arziki, tana da abin tambaya, kuma tana da wurin komawa in tashar ta hana albashi.

Ɗan Gwallameji: Hajiya, mu da muke karanta shi a Poly fa? Akwai abin da ake koya mana da ba a tsinta a titi, dokar ɓata suna, ɗa'ar aiki, yadda ake tace hoto da murya.

Hajiya Asabe Azare: Ban raina karatunku ba, ɗana. Hanya biyu na nuna masa.

Injiniya Kabiru: In dai za ta karanci aikin jinyar tukuna, na janye rabin adawata. Rabin kuma yana nan.

Alhaji Sabo Jahun: Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwarta duka tun daga sama, ita ma yarinyar tana zaune. Da aka zo labarin Baba na mutumin da aka yi wa zaman makoki da ransa, ɗakin ya yi tsit. Na tambaye ta ko har yanzu tana so, ta ce tana so, amma ba ta san haka abin yake ba. Kan maganar kwas ba mu yanke ba tukuna, ita tana son Bayero saboda can matar ta yi, uwarta tana son shawarar Hajiya Asabe. Baba, in ba za mu takura maka ba, ina so in kawo ta ta gaishe ka.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Ran: Ƙofa a buɗe take. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar. Amma kar ta zo hannu rabbana. Kafin nan ta shiga kasuwar Muda Lawal da ɗan'uwanta, ta tambayi masu hatsi biyar kuɗin mudun masara yau da kuɗinsa kafin girbi, ta tambaye su dalili, ta tambayi mata biyu masu saye yadda suke ji. Ta rubuto mini shafi ɗaya da hannunta, da Hausa, sunan kowa daidai yadda shi ya faɗa. In wani ya ƙi magana ta rubuta cewa ya ƙi. Zan zauna da jan biro mu bi shi layi-layi.

Ummu Khalil: In ta tsallake jan biron Baba, Alhaji, ka turo mini ita ta ga situdiyo. Amma a bayan kyamara za ta tsaya, kusa da furodusa.

Alhaji Sabo Jahun: Mun gode. Ta riga ta ɗauko littafi tana jera tambayoyi. Uwarta kuma ta ce Asabar ɗin da ita za a je, wai ita ma tana da nata tambayoyin da za ta yi wa Baba.